Kwalbar Shardone a teburin amarya: abin da na sayo a Nima da abin da na tarar a ciki

Shekara goma sha tara ke nan ina girkin biki a Akara, babban birnin Gana, daga Nima zuwa Madina, wani lokaci har Ashaiman, amma ban taɓa ganin dattijo ya tsame hannu daga abincina saboda kwalba ba sai bana. Dangin ango ne suka zo gidana a Mamobi ɗanɗanon abinci, saura mako biyu biki. Na jera masu waakye (shinkafa da wake) da shito (soyayyen barkono), tuwon shinkafa da miyar gyaɗa, jalof da gasasshiyar zabuwa, sannan na sa 'yata ta fito da kwalba uku masu sanyi, irin waɗanda amarya ta nace sai an ɗora mata a tebur. Baffan ango, wani tsoho mai farin gemu da ya yi shekara talatin yana tuƙa Turawa a Tema, ya jawo ɗaya, ya ɗan nisanta ta da idonsa, ya karanta. Sai ya ajiye cokali.

"Hajiya, wannan sunan na san shi. Katan nawa na ɗauko wa maigidana a bayan mota? Giya ce."

Na ce, "Baba Alhaji, wallahi ba giya ba ce, a shagon Musulma na saya." Ya ce shagon Musulma ba hujja ba ne, shi abin da ke rubuce yake karantawa. Ya ɗora yatsa a kan kalmar: Chardonnay. Ba ni da abin cewa. Na kwashe kwalaben na mayar ciki, aka kawo lamurji, aka ƙarasa cin abinci ba wani armashi. Uwar ango tana ta "ba komai, ba komai", irin ba komai ɗin da mai sana'a ta san akwai komai a ciki.

Wanda bai san bikin Zango na yanzu ba zai ce me ya kai mai girki ga kwalba mai kama da ta giya. Da can sobolo (zoɓo) da lamurji sun isa, in an yi bajinta a ƙara burkina (gero da nono). Yanzu kowace amarya ta gani a TikTok, tana so in an zo yanka kek a girgiza kwalba, murfi ya yi tsalle, kumfa ta zubo, masu hoto su ɗauka. Ni ba na faɗa da zamani, abinci nake nema. Shagon da nake sarin abin sha na wata Hajiya ne a bakin babban titin Nima, dab da kasuwa. Ba zan kama suna ba, don akwai yabo akwai suka a abin da zan faɗa, kuma gobe ma can zan koma. Ranar da na je ba ta nan. Na ce wa yaron shagon ina son masu kumfa marasa giya, ya nuna mini kanta ɗaya ya ce, "Mma, duk na nan ba giya." Na ɗauki iri uku don gwaji: ta sidi 30, ta sidi 85, da ta sidi 140. Dukkansu korayen kwalabe ne masu zinariyar takarda a wuya, dukkansu da wannan suna a gaba. Ban juya bayan ko ɗaya ba. Laifina ke nan, kuma na karɓa.

Da daddare na kira autanmu da ke Liyon a Faransa, shekararsa goma sha ɗaya a can. Ina nuna masa kwalbar a WhatsApp ya fashe da dariya.

"Yaya, ai na taka garin nan da ƙafata. Shardone ake faɗa. Ƙauye ne."

Farkon zuwansa, kafin ya samu aikin tuƙi, ya yi kaka ɗaya yana tsinkar inabi a gonakin wajen Lugny, maƙwabtan wannan ƙauye. Kawunmu har ya koma ga Allah bai daina yi masa gori a kan wannan aiki ba, tunda kowa ya san inda yawancin inabin zai ƙare, shi ma daga shekarar bai sake ba. Amma idonsa ya gani, kuma ya iya ba da labari. Ƙauyen yana kudancin yankin Burgundi (ba Burundi ba, sau biyu ina tambayarsa), arewa da garin Mâcon, kusa da Tournus, ba nisa da kogin Saône. Mutanensa wajen ɗari biyu ne kacal. Ya ce layinmu na Mamobi kaɗai, in aka ƙirga da yara, ya ninka su. Gidajen dutse ne tsofaffi, da coci guda, sai tuddai da aka jera wa inabi layi-layi kamar kitson shuku. Ƙasar farar tsakuwa ce mai alli gauraye da yumɓu, in ka gan ta sai ka ce ko gero ba zai yi ba, amma ita inabin ke so. Sunan garin ma daga tsohuwar kalmar Latin ce, Cardonnacum, wadda aka fi fassarawa da wurin da wata ciyawa mai ƙaya ke fitowa. Na ce ashe su ma kamarmu suke, da muka zo Akara muka ga hawa muka ce Tudu, muka ga damshi muka ce Fadama.

Aikin kuwa, ya ce, a tsugune ake yinsa daga fitowar rana, almakashi a hannu, bokiti a gaba, wani na bin layi da babban kwando goye a baya ana juye masa. Kafin azahar yatsu sun manne da zaƙi, zanzaro na bin ka, kwana uku ba ya iya miƙe bayansa a salla sai da dabara. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne inabin kansa. Ba irin manyan nan na Afirka ta Kudu da muke saya a leda a manyan kantuna ba ne. 'Ya'yansa ƙanana ne, a cure wuri ɗaya, kore mai komawa ruwan zuma in ya nuna, da ƙwallo a ciki, amma zaƙinsa ya fi na ci nesa. Fari ake ce masa don ruwansa da fatarsa ba ja, ba don ya yi kama da alli ba.

A nan ne kaina ya waye, kuma albasa ce ta wayar da shi. Duk mai girki a garin nan ta san albasar Galmi, jar nan mai ƙarfi da ake sauke wa daga Nijar, da can a kasuwar Agbogbloshie, yanzu a ta Adjen Kotoku. Galmi gari ne guda a Nijar, amma irin ya bazu, ana noma shi a ƙasashe da yawa, kuma ko a ina aka noma Galmi ake ce masa. Haka kakanninmu suka riƙa cewa goron Gwanja, alhali a dazukan Asante goron ke fitowa, a kasuwar Salaga kawai suke sayensa. To Shardone ma haka. Sunan ƙauye ne ya koma sunan irin inabi. Da can kowane yanki da yadda yake kiransa, wasu ma suna rikita shi da wani farin inabi daban, sai a 1896 masana inabi suka yi taro a Chalon-sur-Saône aka tsayar da wannan suna. Yau ana noma shi a kusan hekta 210,000 a duniya, daga Kalifoniya zuwa Ostareliya, Chile da Afirka ta Kudu. Saboda haka in ka ga kalmar a kwalba, ba ta ce maka daga Faransa ba ne, ba ta ce maka daga ƙauyen ba ne, ba ta kuma ce maka giya ce ko ba giya ba. Sunan 'ya'yan itacen kawai ta faɗa maka. Baba Alhaji ya yi gaskiya ta wani gefe, don kusan duk inabin nan giya ake yi da shi, shi ya sa Bature in ya ce Shardone giyar yake nufi. Amma dawa ma da ita ake pito da burukutu, ba wanda ya haramta tuwon dawa.

'Yata, wadda ke karatun noma a jami'ar Legon, ita ta ƙara mini abin da ya fi burge ni, wataƙila don sana'ata ta aure ce. Ta ce a 1999 masu bincike na jami'ar Kalifoniya da ke Davis, tare da 'yan uwansu na Faransa, suka gwada ƙwayoyin halittar inabin suka gano iyayensa. Ɗaya Pinot ne, inabin manya da ake ji da shi a Burgundi. Ɗayan Gouais blanc, farin inabin talakawa da aka raina, har an sha hana shuka shi. Wato ɗan sarauta ne ya haɗu da 'yar talaka a bakin gona, aka haifi wanda ya fi su duka suna. Na ce na sha dafa irin wannan bikin, dangin ango na hura hanci, bayan shekara ashirin jikan ne ke riƙe da gidan. Kuma ba a shuka shi da ƙwallo, sai dai a yanki reshe a dasa, kamar yadda muke yi wa rogo da rake. Ke nan duk Shardone da ke duniya reshen itace ɗaya ne da ake ta yanka ana miƙawa ɗaruruwan shekaru. Saiwar da yake tsaye a kai ma, a yawancin gonaki, ba tasa ba ce. A ƙarshen ƙarni na 19 wani ƙwaro mai cin saiwa da ya zo daga Amurka ya cinye gonakin inabin Turai, sai aka koma yi masa aure da saiwar inabin Amurka, irin yadda ake wa mangwaro. Yana da wani rauni kuma: yana saurin toho, sanyin ƙarshen hunturu ya same shi. A Afrilun 2021 tsananin sanyi mai daskarar da raɓa ya yi wa manoman Faransa mummunar ɓarna, autanmu ya turo mini hotunan gonaki cike da kyandirori ana kunnawa da tsakar dare don a ɗumama tsiron. Lokacin ban san abin da nake kallo ba, na ɗauka wani bikinsu ne.

Washegari na sa tabarau, muka juya kwalaben ni da 'yata, kuma a nan ne na ga cewa abu uku daban-daban na sayo.

Ta sidi 30 ba ruwanta da ƙauye ba ruwanta da gona. Abu na farko a jerin kayan haɗinta ruwa ne, na biyu sukari, sai ɗan ruwan inabi kaɗan, sai ƙamshin haɗi da kala. Sunan Shardone da ke gabanta, da muka duba da kyau, akwai kalmar "flavour" a ƙasansa da ƙananan baƙaƙe kamar ƙafar tururuwa. Lemon kwalba ce ta sa babbar riga.

Ta sidi 140, wadda na fi yarda da ita don tsadarta, ita ce Baba Alhaji ya kama, kuma idonsa bai yi ƙarya ba. A bayanta an rubuta "de-alcoholised wine". Ma'ana an matse inabin, an bar shi ya zama giya sosai, daga baya aka zare barasar. Yadda ake yi, ana ɗumama ta a tukunyar da aka zuƙe wa iska, sai barasar ta tashi a tururi tun kafin sauran ya dahu, ko a tace ta da wata na'ura. A dokar Tarayyar Turai ta 2021, ana iya sa mata wannan suna matuƙar abin da ya rage bai wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba. Wannan kwalbar kuwa haka aka rubuta a gefenta, ƙasa da 0.5.

Ta sidi 85 ita ce ruwan inabi zalla. An rubuta "jus de raisin" da "grape juice", ɗari bisa ɗari, sai iskar da ke sa kumfa, sai bitamin C, da gargaɗin cewa akwai salfait (sinadarin hana lalacewa) ga masu asma. An yi ta a Faransa. Ba a taɓa barinta ta tashi ba. Abin da ke mai da ruwan inabi giya yis ne, ɗan uwan wanda muke sa wa fanke, yana cin sukari yana fitar da barasa da iska. In aka matse inabi aka tace aka ɗumama nan take aka rufe, yis ɗin ya mutu, ruwan ya tsaya a ruwa. Dabarar ba sabuwa ba ce, kuma abin dariya, ba Musulmi ne ya fara sayar da ita ba. Wani likitan haƙori ne a Amurka, Thomas Welch, a 1869, don ba ya son a sha giya a cocinsu.

Na ɗauki biyun na kai wa malaminmu bayan la'asar. Na ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da ya kusa ɓata mini suna." Ya sa ɗalibinsa ya karanta masa, ya yi shiru kaɗan. Ya ce ruwan inabin da bai tashi ba babu magana a kansa, ai Manzon Allah (SAW) ana jiƙa masa zabibi yana sha, sai dai ba ya barinsa ya wuce kwana uku. Ya ce in riƙe wannan kwana ukun, zai yi mini amfani. Wadda aka zare wa barasa kuwa, ya ce malamai sun yi saɓani, akwai masu sassautawa in ba ta bugarwa, akwai masu cewa abin da ya taɓa zama giya da gangan ba a wanke shi da na'ura. Shi dai ba zai sha ba, kuma bai ga dalilin da zan ɗora wa baƙin mutane abin da zai raba masu hankali a ranar farin ciki ba. Ya ƙara da cewa ko halal ɗin ma, a bar kwaikwayon zaman mashaya da ɗaga kofi sama ana karo. Wannan kam na ce masa sai dai ya gaya wa amare da kansa.

Yanzu ga ɗanɗano, tunda shi ya kawo mu. Ta 140 ban sha ba, na buɗe na shinshina kawai, kuma warinta tsami-tsami ne mai kama da ƙullun da ya kwana, ban ga abin so a ciki ba. Ta 30 na kurɓa sau biyu: zaƙi mai kama maƙogwaro, ƙamshi kamar alewar yara, kumfar ta mutu kafin in ajiye kofi. Yara za su so ta, ba laifi, amma da wannan kuɗin gara in dafa sobolo mai abarba da citta da kanumfari, ya fi ta daraja sau goma.

Ta 85 ce ta sa na zauna. Na bar ta a firji tun safe. Murfin toto ne da waya a ɗaure, ya fita da ƙara mai kyau ba tare da an girgiza ba. Launinta kamar man gyaɗa sabon tatsa da aka tsinka, fari-fari mai ɗan zinariya, kumfar ƙanana ce tana ta hawa daga gindin kofi ba ta daina ba har na gama. Ƙamshin farko na koren tuffa ne, bayansa wani abu kamar zuma da ɓawon lemun tsami. A baki zaƙi ne ke fara zuwa, mai yawa, amma kafin ya gundure ka sai ɗan tsami ya biyo ya share harshe, kamar yadda tsamiya ke yi wa kunu. Wannan tsamin shi ne bambancinta da ta 30, kuma shi ne abin da kuɗin ke saya. Na gwada ta da zabuwa mai yaji, ta zauna daram, barkonon ya kwanta. Da soyayyen kifi da shito ma haka. Da miyar gyaɗa kuwa ba su jitu ba ko kaɗan, maiƙo da zaƙi suka haɗu suka yi nauyi. In ta huce ta zama ruwan sukari, saboda haka ko a kawo ta da sanyi ƙarara ko a bar ta.

Sukarin nan ba wasa ba ne. A jikin kwalbar an rubuta giram 17 a kowane mililita 100. Kwalba ɗaya mililita 750 ce, tana ba da ƙananan kofi shida, kowane kofi ke nan ya haura giram 20, wajen ƙwayar sukari biyar. Rabin dattawan da ke zama a babban tebur suna fama da ciwon sukari, kuma suna jin an ce ruwan 'ya'yan itace sai su saki jiki. Dabarar da na samu ita ce in raba ta biyu da ruwan soda mai sanyi. Kumfa ba ta ragu ba, zaƙin ya sauka, ƙamshin ma ya fi fitowa, kwalba ɗaya ta shayar da mutum goma sha biyu. Uwar amarya da ta ji lissafin ta sa mini albarka.

Na koma shagon ranar Laraba, ranar kasuwa, titi a cushe. Hajiyar na nan. Na ajiye mata kwalaben uku a kan tebur na faɗa mata abin da ya faru. A nan zan yaba mata: ba ta yi musu ba, ba ta ce ai kowa na saya ba. Ta riƙe baki ta ce, "Hajiya, wallahi yadda dila ya kawo haka muka jera." Ta ce ko wadda na buɗe ta 140 ta yafe, ta cire daga lissafi. Ta ba ni katan huɗu na ruwan inabin a farashin sari, sidi 78 kwalba, rabi a hannu rabi bayan biki, ba takarda ba shaida. Irin wannan amana ita ta riƙe ni a shagon shekara da shekaru, manyan kantunan Osu ba za su yi maka ita ba ko kana kuka.

Sukar kuma ga ta. Shagon da yawancin masu sayensa Musulmi ne bai kamata ya jera waɗannan uku a kanta ɗaya ba, ya bar yaron da bai san bambancinsu ba yana cewa duk ba giya. Ni na iya karatu kuma na faɗa, ina ga tsohuwar da aka aika sayen kayan suna? Na biyu, ajiya. Katan-katan suna jibge a baranda, ranar Akara na dukansu daga hantsi zuwa la'asar. A cikin huɗun da aka kawo mini, katan ɗaya da na buɗe ruwan ya yi duhu kamar shayi, ɗanɗanonsa ya koma na dafaffen abu, alhali saura wata bakwai wa'adinsa ya cika. An canza mini, amma da ban buɗe na duba ba fa? Na uku, kawo kaya. An ce mai aboboya (babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya) zai iso ƙarfe goma na safen Juma'a, bai zo ba sai bayan an sauko daga masallaci, ni kuwa ina son kwalaben su kwana a sanyi. Na kira sau biyar, kowane kira "yana hanya". Daga Nima zuwa Mamobi, ko da rarrafe yake zuwa ya ci a ce ya iso.

Kafin bikin na aika 'yata gidan Baba Alhaji da kwalba ɗaya da ba a buɗe ba, ta karanta masa bayanta kalma-kalma, ta gaya masa abin da Malam ya ce. Ya aiko da cewa ya ji, amma a cire zinariyar takardar wuyan, kuma kar a kawo masa a kofi mai doguwar ƙafa. Haka aka yi. Ranar Lahadi amarya ta samu ƙarar murfinta da kumfarta, masu hoto suka samu abin ɗauka. Shi kuma aka zuba masa a kofin shayi na gilas. Ina leƙensa daga bayan kuloli. Ya shinshina ya daɗe, ya kurɓa, ya juya a baki, ya gyaɗa kai. Da na zo wucewa ya ce, "Hajiya, wannan inabi ne. Amma zaƙi ya yi yawa, a ƙaro mini lamurji."

Maganar kwana uku ta Malam ma ta zo ta same ni. Rabin kwalba ta rage, na toshe ta da leda na sa a firji, aka ɗauke wuta kwana biyu ina can wani suna a Fadama. Da na dawo ranar Alhamis na cire ledar sai ta yi tsaki, ƙamshin tuffa ya tafi, wani wari mai yaji-yaji ya maye gurbinsa. Yis na yawo a iska, da ya samu ƙofa da zafi ya kama aikinsa. Na tuttular a kwata. In an buɗe, a shanye a ranar, ko washegari in wuta ta tsaya.

Ga mai tambaya ko ta ci kuɗinta: ga babban tebur, kwalba shida zuwa goma, e, zan sake saya, kuma na riga na sa ta a lissafin bukukuwa biyu na bayan Salla. Ga taron mutum ɗari huɗu kuwa ɓarnar kuɗi ce, sobolo da lamurji sun fi ta kashe ƙishi kuma ba wanda zai tsame hannu a abinci dominsu. In za ka saya, ka bar gaban kwalbar da sunanta mai daɗin faɗa, ka juya baya. Ka nemi inda aka ce ruwan inabi ɗari bisa ɗari, ka tabbata kalmar "wine" ko "vin" ba ta cikin bayanin abin da ke ciki, ka duba wa'adi, ka ɗaga ta a haske ka ga launin bai yi duhu ba, ka kuma ce a ɗauko maka daga cikin shago, ba daga baranda ba.

Autanmu ya ce in Allah ya kai shi wajen Tournus da kaya zai ratsa ƙauyen ya ɗauko mini hoton allon da ke bakin gari, in manna a jikin kular abin sha don masu irin tambayar Baba Alhaji. Shekaranjiya na bi ta shagon biyan cikon kuɗi. Hajiya ta shigar da katan-katan daga rana, ta sa an kafa rumfa. Kwalaben uku dai suna nan kafaɗa da kafaɗa a kanta ɗaya, yaron kuma na ji shi yana gaya wa wata mata mai goyo cewa duk na nan ba giya. Na karɓi ta 140 daga hannunta na miƙa mata ta 85, na ce wa Hajiya Laraba mai zuwa zan zo da kwali da alƙalami mu rubuta da Hausa.